Gwanintar Hannu a Kan Maus: Yadda Ƙwararrun 'Yan Gem Ke Auna Rabin Milimita

A wasan Counter-Strike mutum biyar ne ke karawa da mutum biyar, wanda aka harbe kuma ya fita ke nan sai zagaye na gaba. Abokin gaba zai leƙo daga bayan bango can nesa, kansa a fuskar kwamfuta bai wuce 'yan ɗigo ba. Kafin ɗan kallo ya tantance abin da ya gani, gwani ya riga ya ja hannu, ya ɗora alamar saiti a kan, ya danna. Ido da ƙwaƙwalwar ɗan Adam kan ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na daƙiƙa kafin su ba yatsa umarni. Ɗan lokacin da ya rage, a cikinsa ne hannu zai yi tafiyar da kuskurenta bai kamata ya kai milimita guda ba. Duk wannan aiki da maus ake yin sa, wato linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da muke gani a shagunan buga takardu muna ɗauka ba shi da wani sirri.

Matasan Salka da Auna da Ibeto, har da na cikin garin Kontagora, mafi yawansu a waya suka san gem: Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile. Amma batun ba baƙo ba ne a wurinsu. Duk inda 'yan gem suka taru akwai musu a kan "sensi", wato kaifin da hoto ke juyawa da shi idan yatsa ya motsa. Wannan ya ce a ƙure shi, wancan ya ce a rage. Wasu har cikin ɓoyayyen saitin Android suke shiga su canja wata lamba da suke kira DPI, da fatan harsashi zai riƙa hawa kai da kansa. Wannan musun shi ake yi a manyan gasannin duniya, sai dai can an sa ma'auni an auna komai. Abin da awon ya nuna kuwa shi ne, gwaninta ba ta cikin girman lamba. Tana cikin hannun da ya zaɓi awo guda, ya zauna a kansa har ya zama jiki.

Abin da ke cikin cikinsa

Douglas Engelbart da abokin aikinsa Bill English ne suka ƙera maus na farko a Amurka a 1964. Ɗan akwatin katako ne mai ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa da maɓalli ɗaya a sama. An nuna shi ga jama'a a San Francisco ranar 9 ga Disamba, 1968, shekarar da aka kammala ginin madatsar ruwa ta Kainji a nan maƙwabtanmu. Daga baya aka koma maus mai ƙwallon roba a ciki. Tsofaffin masu buga takardu za su tuna yadda ake kwance murfin ƙasa a ciro ƙwallon a kankare dattin da ya naɗe ƙafafun.

Shekarar 1999 ta zo da abubuwa uku. Kamfanin Microsoft ya fitar da IntelliMouse Explorer mai gani da haske, babu ƙwallo. Aka kuma fitar da Razer Boomslang, wanda aka ƙera musamman don 'yan gem, mai kaifin DPI har 2,000. A shekarar ce kuma wasan Counter-Strike ya fara bayyana. Tun daga nan wasan da na'urar suke tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Maus na zamani kyamara ce 'yar mitsitsiya a kife. Haske na haska saman tebur, kyamarar tana ɗaukar hoton wurin sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki tana gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi don ta gane ina aka dosa da nisan da aka yi. Yawancin waɗannan idanu kamfanin PixArt na Taiwan ne ke ƙera su. DPI kuwa shi ne adadin ɗigon da maus ke ƙirgawa idan an ja shi tsawon inci guda, wato santimita 2.54. Idan an sa shi a 800, inci guda ya zama ɗigo 800 ke nan.

Sai mu yi ɗan lissafi. Fuskar kwamfuta da aka fi amfani da ita tana da ɗigo 1,920 daga hagu zuwa dama. A DPI 800, hannu zai yi tafiyar santimita 6 kafin kibiya ta ƙetare ta. A 16,000, milimita 3 ta isa. A 30,000, irin wanda kamfanin Razer ya sa a Viper V2 Pro a 2022, bai kai milimita 2 ba. Wato numfashi mai ƙarfi ma zai iya wurga kibiyar daga wannan gefe zuwa wancan. Lambar tana da kyau a jikin kwali, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Lambar kwali da lambar aiki

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, mafi yawan ƙwararrun Counter-Strike, masu riƙe da maus da zai iya 25,000 ko fiye, a 400 ko 800 suke barin sa, wasu kaɗan a 1,600. Ba rashin sani ba ne. Su ba DPI kaɗai suke dubawa ba. Suna ninka shi da kaifin da aka zaɓa a cikin wasan, abin da ya fito shi ne ainihin awon ɗan wasa. Mai DPI 400 da kaifin wasa 2 yana da 800. Mai DPI 800 da kaifin wasa 1 shi ma 800 gare shi. Hannayensu tafiya ɗaya suke yi.

A wannan wasa, idan kaifi yana kan 1, kowane ɗigo na juya ɗan wasa digiri 0.022. Saboda haka mai awon 800 sai ya ja maus kusan santimita 52 kafin ya juya zagaye guda cikakke ya dawo inda ya fara. Fiye da rabin mita ke nan. Shi ya sa za ka ga shimfiɗar maus ɗinsu ta kusa cinye tebur, kana ganin hannu na shara tun daga gwiwar hannu, a ɗaga maus a dawo da shi tsakiya a sake ja.

Me ya sa suke wahalar da kansu haka? A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya taɓa abu ya dogara ne da nisan abin da kuma faɗinsa: nesa da ƙanƙanta duk suna ƙara wuya. A 1978 masu bincike a Xerox suka tabbatar cewa maus ma wannan ƙa'idar yake bi. To, idan aka rage kaifi, kamar an faɗaɗa abin harbin ne a saman tebur. Kan da ya cinye rabin digiri a wasa, ga mai awon 800 faɗinsa a kan shimfiɗa kusan kashi bakwai cikin goma na milimita ne. Ga mai awon 2,400 kuwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ne, kaurin takarda biyu ko uku. A cikin wannan tsukin ake so hannu ya tsaya cak.

A nan ne dole a jinjina wa masu babban kaifi. Oleksandr Kostyliev ɗan Yukren, wanda duniyar gem ta sani da s1mple, ya daɗe a kan DPI 400 da kaifi 3.09, wato awon 1,236, sama da na yawancin tsaransa. Kusan santimita 34 ke juya shi zagaye guda. Da wannan awo ƙungiyarsa ta wancan lokaci, Natus Vincere, ta ci babbar gasar Stockholm a Nuwamban 2021 ba tare da an ci ta ko wasa ɗaya ba, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Özgür Eker na Turkiyya, mai laƙabin woxic, ya fi shi nisa: an san shi da DPI 1,600 da kaifi 1.5, wato 2,400. Santimita 17 kacal ke juya shi. Duk da haka yana cikin 'yan ƙungiyar mousesports da suka ci gasar ESL Pro League a birnin Odense na Denmark a Disamban 2019. Idan aka haska hannunsa da kyamara, kusan ba a ganin motsi. Yatsu ne da wuyan hannu ke aiki, hoton kuwa na walƙiya a fuskar kwamfuta.

Ribar babban kaifi a fili take. Mutum na juyawa baya cikin ƙiftawar ido, ba ya yawan ɗaga maus, ƙaramin tebur ya ishe shi. Farashinsa kuwa shi ne, duk 'yar rawar da hannu ya yi an ninka ta. Gajiya, sanyi, faɗuwar gaba, duk sai sun bayyana a alamar saiti. Wanda ya iya riƙe irin wannan kaifi a gaban dubban 'yan kallo, ba na'ura ce ta ba shi ba, shekaru ne suka ba shi.

Yadda gwani ke daidaita kayansa

Abu na farko da gwani ke yi shi ne kawar da duk wani abin da zai shiga tsakanin hannunsa da wasan. A cikin saitin maus na Windows akwai wani ɗan akwati mai suna Enhance pointer precision. Idan yana kunne, kwamfuta na ƙara wa kibiya nisa idan an ja da sauri, ta rage idan an ja a hankali. Ga mai aikin ofis taimako ne. Ga mai harbi kuwa ɓarna ce, domin santimita biyar ta yau ba za ta zama santimita biyar ta gobe ba, hannu kuma ba ya haddace abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sai a kashe shi. Ma'aunin gudun kibiya kuma a bar shi a tsakiya, mataki na shida cikin goma sha ɗaya, inda ɗigo ɗaya na maus ke zama ɗigo ɗaya a fuska. Wasanni da yawa na zamani suna karɓar saƙon maus kai tsaye ba tare da bi ta wannan saiti ba, amma gwani ba ya barin abin ga sa'a.

Na biyu, yawan rahoton da maus ke aika wa kwamfuta. Na ofis yakan aika sau 125 a daƙiƙa, wato tazarar kashi 8 cikin dubu na daƙiƙa tsakanin rahoto da rahoto. Na gem yana aika sau 1,000, tazarar ta koma kashi 1. Wannan bambanci hannu na jin sa. A 2021 Razer ya fitar da mai aika 8,000, amma abin da ya ƙara bai kai kashi 1 cikin dubu na daƙiƙa ba, ga shi yana cinye ƙarfin kwamfuta. Mai tsohuwar laftof, wanda fuskarta ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, kuma saƙonsa sai ya je Turai ya dawo cikin kashi 100 cikin dubu na daƙiƙa ko fiye, ba shi da abin da zai tsinta a nan. Dubu ta wadatar.

Na uku, nisan da maus ke daina gani idan an ɗaga shi. Wanda ke yawan ɗagawa yana son ido ya rufe da zarar an tashi milimita ɗaya ko biyu, don kada alamar saiti ta yi tsalle yayin da ake mayar da maus tsakiya.

Sai babban aiki, neman awon da ya dace da hannun mutum. Gwanaye kan ɗauki rula. A sa alamar saiti a kan wani abu a cikin wasa, a ja maus a miƙe har a juya a dawo kansa, a auna santimita nawa aka ci. Wannan awon shi ake ɗauka daga wasa zuwa wasa, domin lambar kaifi ta wasan Valorant daban take da ta Counter-Strike, amma santimita ɗaya ce a ko'ina. Daga nan sai gwaji. Hannu na kai wa abu hari ne a taki biyu: fizga ɗaya mai sauri da ke cinye yawancin nisan, sannan ɗan gyara a ƙarshe. Idan fizgarka kullum tana wuce abin, kaifi ya yi yawa. Idan kullum tana gazawa, ko shimfiɗa na ƙarewa kafin ka juya baya, ya yi kaɗan. A riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan har fizga ta riƙa sauka kusa, gyaran ƙarshe ya zama ɗan taɓi.

Da zarar an samu, sai a ƙyale shi. Nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa. An ci su yau, gobe sun canja lamba. Sun ga bidiyon wani gwani, jibi sun kwafi tasa. Maharbin da ya san bakansa ba ya sake tsirkiya don kibiya ɗaya ta kuskure. Ya san nauyin jan, ya san inda kibiya ke faɗuwa, idan ya kuskure kansa yake tuhuma. Awon s1mple na hannun s1mple ne, da tsawon yatsunsa da teburinsa da shekarun da ya yi a kai.

Riƙo, zama da ƙura

Riƙon maus iri uku ne. Akwai mai kwantar da tafin hannu gaba ɗaya a kai, wanda ya fi dacewa da ƙaramin kaifi da jan hannu tun daga gwiwar hannu. Akwai mai lanƙwasa yatsu ya kafa kawunansu a kan maɓallai, gindin tafi na tokare da bayan maus. Akwai kuma mai riƙewa da kan yatsu kawai, tafi bai taɓa ba. Masu babban kaifi sun fi karkata ga biyun ƙarshe, saboda yatsu ne ke iya gyaran da bai kai milimita ba. Nauyi ma na da tasiri. Maus na gem na da can ya kan haura giram 100, amma Logitech G Pro X Superlight da ya fito a 2020 bai kai giram 63 ba, don a samu sauƙin fizga da sauƙin tsayarwa.

Zama ma awo ne. Ƙwararru da yawa, kafin a fara gasa, sukan auna tazarar fuskar kwamfuta da bakin tebur, da inda shimfiɗa za ta kwanta, wasu da rula, wasu da tafin hannu, don zaman yau ya zama irin na jiya.

A ƙasarmu akwai abokan gaba biyu da kwalin maus bai ambata ba: ƙurar hunturu da gumin bazara. Ƙura na toshe idon maus, tana kuma cinye santsin ƙafafunsa. Gumi na sa shimfiɗar yadi ta yi danƙo a wani wuri ta yi santsi a wani, sai hannu ya rasa abin da zai dogara da shi. Maganin ba tsada: a hure idon, a goge ƙafafun da tsumma mai laushi, a wanke shimfiɗa da ruwa da ɗan sabulu a shanya a inuwa, a rufe kaya idan an tashi. A guji teburin gilashi ko mai sheƙi, domin yawancin idanun maus ba sa samun abin kamawa a kansu. Wanda kuma zai saya, ko a Kontagora ko a Kano ko ta intanet, kada lambar kwali da fitilu masu launi su ruɗe shi. Ya sa a jona masa, ya fizga da ƙarfi gefe guda. Idan kibiya ta rikice ko ta tsaya, idon ba ya jure gudu, komai yawan DPI da aka rubuta.

Yau da gobe

Bayan an gama daidaita kaya, abin da ya rage horo ne. Akwai manhajoji irin su Aimlabs da KovaaK's da aka yi musamman don wannan. Suna raba aikin gida uku: fizga zuwa abin da ke tsaye, bin abin da ke tafiya, da sauyawa daga wannan zuwa wancan. Masu koyarwa kan ce a fara a hankali har hannu ya daina kuskure, gudu zai zo da kansa. Sauri ya haifi nawa. Babban sirrin kuma shi ne rage wa hannu aiki tun kafin abokin gaba ya fito: gwani na tafiya da alamar saiti a daidai tsayin kai, a daidai kusurwar da ake sa ran leƙowa. Idan mutumin ya bayyana, ɗan taɓi ya rage. Fizgar da ke sa 'yan kallo ihu, sau da yawa gyaran kuskure ce. Harbin da ya fi nuna ƙwarewa shi ne wanda hannu bai yi wani motsi ba.

Jiki kuma na da haƙƙi. Jian Zihao na ƙasar Sin, wanda aka fi sani da Uzi, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan League of Legends, ya sanar da ajiye wasa a 2020 yana ɗan shekara 23, saboda ciwon hannu da ya daɗe yana fama da shi da kuma ciwon suga. Babban kaifi ya fi ɗora nauyi a wuyan hannu. Riƙo ya zama sako-sako, kada a danne wuyan hannu a bakin tebur, a riƙa tashi ana miƙe yatsu. Wanda ke tashi idan an kira salla ya riga ya samu rabin wannan hutun.

Kada a ɗauka duk wannan wasan yara ne. Gasar Esports World Cup da aka yi a Riyad ta Saudiyya a 2024 ta raba kyautar sama da dala miliyan 60. Amma ko ba a kai can ba, hannun da ya saba da maus yana da kasuwa a gida. Shi ne ke zana katin biki da fastar 'yan siyasa a manhajar CorelDRAW, shi ke yanka fim a Kannywood, shi ke zana taswirar gini. Tun 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma ɗalibin da hannunsa ya saba da na'ura ya fi natsuwa a ɗakin. Wani ƙaramin bincike da aka buga a Amurka a 2007, a kan likitocin tiyata 33, ya gano cewa waɗanda suka taɓa sabawa da wasannin bidiyo sun fi sauri, sun kuma fi ƙarancin kuskure a atisayen tiyatar da ake yi da kyamara.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sha'awar wannan fanni, ko kana Salka ko kana Kontagora, kada rashin maus mai tsada ya hana ka farawa. Nemi mai ido nagari wanda ya zauna a hannunka, sa shi a 800, kashe ƙarin gudun Windows, auna santimitarka da rula ka rubuta a takarda, sannan ka yi wata guda ba ka taɓa lambar ba. Ka ba shi rabin sa'a kullum bayan ka sauke nauyin karatu da na gona. Abin da zai canja a watan nan hannunka ne, kuma shi ne kaɗai ba a sayarwa a kasuwa.